Amsar Takardunku: Ganyen Zogale, Hodar Zinki Da Gyambon Da Ya Ƙi Warkewa

Yau takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin da na karanta ta sai na ga ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ta fito ne daga wani mai sauraronmu, tela a garin Malumfashi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Yayansa yana fama da ciwon sukari, kuma yau wata huɗu ke nan da wani gyambo ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa. An sha kafso iri-iri daga kemis, har an kai ga fasa kafson ana barbaɗa garin a kan ciwon, amma shiru. Sai ɗan ƙanwarsa da ke jami'a ya nuna masa wani rubutu a intanet, cewa masana sun haɗa ruwan ganyen zogale da sinadarin zinki, sun sami wata hoda mai ƙananan ƙwayoyi wadda ke kashe ƙwayoyin cuta. Tambayarsa uku ce: mece ce wannan hoda, yaya ake yin ta, kuma tunda ga zogale nan a bayan gida, ko zai iya haɗa ta da kansa ya sa wa yayan nasa?

To Malam, Allah ya ba yayanka lafiya. Zan fara da tambayar ƙarshe, don kada a ɗauke wuta ko batirin rediyo ya mutu kafin in kai gare ta. A'a, kada ka yi. Amma fa labarin da yaron ya nuna maka ba ƙarya ba ne, akwai wannan bincike, kuma ya cancanci a san shi. Saboda haka ka gyara zama.

Shi dai zinki, wanda mutanen da ke kira tutiya, ƙarfe ne da ka sani ko da ba ka san sunansa ba. Shi aka shafe kwanon rufin shagonka da shi don kada ya yi tsatsa da wuri, haka bokitin ƙarfe na ɗiban ruwa. Ka san in baƙin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin yakan yi jar tsatsa. To shi zinki in ya haɗu da oksijin, farar hoda yake bayarwa, ita ce masana ke kira zinki-oksayid. Wannan hoda tsohuwar ma'aikaciya ce. Tana cikin tayar mota, don masu sarrafa roba su suka fi kowa cin ta. Tana cikin farin fenti. Tana cikin kalamin, wannan ruwa mai launin hoda da ake shafa wa yara in sun yi ƙarambau, tana cikin man da ake shafa wa jarirai in kunzugu ya ci musu fata, tana cikin farar filastar asibiti. Kai, har likitan haƙori yakan kwaɓa ta da man kanumfari ya cike kogon haƙori na ɗan lokaci. Ka ga ashe ba baƙuwa ba ce. Abin da yake sabo shi ne girman ƙwayar.

A nan ne kalmar nano ta shigo. Asalinta daga harshen Girka ne, ma'anarta wada. Malam, ɗauko tef ɗinka na awo, ka juya gefen santimita. Tsakanin kowace santimita akwai ƙananan layuka goma, kowane ɗaya milimita ke nan. To a raba wannan milimita guda gida miliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin kan mutum yakan kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayar cuta irin ta bakteriya, wadda ido ba ya gani, wajen nanomita 1,000 ce. Ita kuwa ƙwayar da ake kira nano, daga nanomita 1 zuwa 100 take. Watau ko a wurin ƙwayar cutar ma, ita ƙanƙanuwar aba ce.

Mene ne amfanin wannan ƙanƙanta? Tambayi uwargida. In ta jefa dunƙulen kanwa a ruwa sai ta jira, in kuwa ta daka ta, nan da nan ta narke. Kanwar ba ta ƙaru ba, amma jikinta da ke taɓa ruwa ya ƙaru. Ga lissafi, kuma ni da kaina na zauna na buga shi, irin na lokacin da nake riƙe da alli a aji. Dunƙule mai kusurwa huɗu, santimita 1 kowane gefe, in ka haɗa fuskokinsa shida ba su wuce murabba'in santimita 6 ba. Amma in aka farfasa shi ya zama ƙwayoyi masu nanomita 10, fuskokinsu gaba ɗaya za su kai murabba'in mita 600, watau fili mai mita 20 a mita 30. Abin da bai cika cokalin shayi ba ya shimfiɗe filin gida guda! Kuma duk aikin da hoda za ta yi wa ƙwayar cuta, da fuskarta take yin sa.

Tun cikin shekarun 1990 wasu masana a Japan suka nuna cewa hodar zinki-oksayid tana hana bakteriya yaɗuwa, kuma a 2001 wani daga cikin masanan ƙasar mai suna Yamamoto ya buga sakamakon da ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar, gwargwadon ƙarfin aikinta. Dangane da yadda take kashewa, mafi yawan masana sun fi jingina abin ga wasu sinadarai masu ƙuna da ke fitowa a fuskar ƙwayar in ta sami danshi, musamman in akwai haske. Ɗaya daga cikinsu ka san shi, shi ne ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, haidirojin feroksayid. Ban da wannan, ƙwayar takan narke kaɗan-kaɗan ta saki zinki, wanda in ya yi wa bakteriya yawa sai ya dagula mata aikin cikinta. Sa'an nan ita kanta ƙwayar takan manne wa fatar bakteriyar ta raunana ta har abin da ke ciki ya tsiyaye.

To ina ganye ya shigo?

Matsalar duk mai son yin irin wannan ƙwaya ita ce ƙananan abubuwa ba sa son zama su kaɗai. Da zarar sun samu, sai su manne da juna su dunƙule, aikin ya koma baya. Dole a sami abin da zai lulluɓe kowace ƙwaya tun tana ƙarama, ya tsayar da girmanta, ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. Mai fura ta daɗe da sanin wannan dabara: in ta cura fura sai ta mirgina ta cikin gari, don kada ƙwarya ta zama dunƙule ɗaya. A masana'anta, sinadarai ake saye don wannan aiki, waɗansu da tsada, waɗansu kuma da guba wadda zubar da ita ma wani aiki ne. Sai masana suka lura cewa ruwan ganye yana ɗauke da sinadarai masu kama ƙarfe su riƙe shi, irin su tanin da danginsa. Wannan ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Tanin shi ne abin nan mai bauri a bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi tun kaka da kakanni. Watau ruwan ganyen shi ne garin da ake mirgina furar a ciki.

A 2011 wasu masana a Indiya suka buga yadda suka yi wannan hoda da ruwan alobera. A 2015 aka buga na ganyen darbejiya, watau dogon yaro, da na ganyen yakuwa, shukar da ke ba mu zoɓo. A 2017 wasu masana a Afirka ta Kudu suka buga na zogale. Daga nan abin ya zama ruwan dare, har a jami'o'inmu ɗalibai na gwada shuwaka, da gwaba, da tumfafiya, da sauransu.

Yadda ake yi kuwa, kusan duk hanya ɗaya ce. A wanke ganye, a shanya a inuwa, a daka. A dafa garin cikin tataccen ruwa na ɗakin bincike, ba a bari ya tafasa sosai, zafin digiri 60 zuwa 80 ya isa. A tace da takardar tacewa. Sai a zuba gishirin zinki, kuma gishiri a bakin masana ba na miya ba ne, suna ne na wani jinsin sinadari, wanda aka fi amfani da shi a nan zinki naitiret ne ko zinki asitet. Sau da yawa akan ɗiga soda mai ƙuna, irin ta masu yin sabulu, a yi ta juyawa har ruwan ya yi kauri ya canja launi. A sa a wata na'ura mai juyi kamar katantanwa don gari ya kwanta, a wanke shi sau da dama, a busar. Daga ƙarshe a sa shi a tanderu mai zafin wajen digiri 400 na kimanin awa biyu. Ka tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Abin da zai fito farar hoda ce, ko mai ɗan ɗorawa-ɗorawa.

Na san abin da ke ranka yanzu, Malam. Kana cewa ai wannan bai fi ƙarfin madafa ba. To tsaya ka ji.

Da farko dai, wannan wuta ta digiri 400 tana ƙone mafi yawan abin da ya fito daga ganyen. Mutane da yawa suna zaton albarkar zogale ce ta shiga cikin hodar take kashe cuta. Ba haka ba ne. Ganyen ɗan aike ne, ya yi aikinsa ya tafi, wanda ya rage shi ne zinki-oksayid. Saboda haka in wani ya zo maka da kwalba yana cewa wannan maganin gargajiya ne na zamani, tsantsar ganye, babu illa, to ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani.

Na biyu, in ka gama haɗawa, ta yaya za ka san abin da ka samu? Madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya ganin abin da ya gaza wajen nanomita 200. Sai da madubi na musamman mai aiki da lantarki, da wata na'ura mai haska hodar da hasken eksire ta faɗi ko zinki-oksayid ce ko wani abu dabam, kuma ba kowace jami'a ce ke da su ba. Su kansu masanan, babban kukansu shi ne rashin daidaito. Ganyen damina dabam, na rani dabam. Na bishiyar da ke fadama dabam, na ta kan tudu dabam. Yau a sami ƙwaya ƙarama mai kyau, gobe da ganyen wata bishiya a sami dunƙule. Magani kuwa ba ya zama magani sai in kwalbar yau da ta baɗi abu ɗaya ne a cikinsu. Ni a ganina ma, kirarin da ake yi wa hanyar na cewa ba ta ɓata muhalli an ɗan yi masa gishiri da yawa, tunda gishirin zinkin daga masana'anta yake, sodar ma haka, tanderun kuma wuta yake ci. Ta rage wani abu, wannan gaskiya ne, amma ba ta kawar da komai ba.

Sai kuma maganar inda za ka samo zinkin. A cikin ƙasa, duwatsun zinki sukan zo ne tare da dalma. Wanda ake sayar wa ɗakunan bincike da kamfanonin magani an tace shi an auna. Farin garin da za a ƙulla maka a leda a kasuwa, wa zai gaya maka abin da ke ciki? Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu.

Amma babban abin da nake so ka riƙe, kai da ɗan ƙanwar taka, shi ne ma'anar kalmar nan "ta kashe ƙwayoyin cuta" a irin waɗannan rubuce-rubuce. Ga yadda ake gwajin. Akwai ɗan faranti na gilashi ko roba, a zuba masa wani abinci mai kama da daskararren kamu, a shafa bakteriya a kai. Mafi yawa akan ɗauki Istafilokokus, mai sa maruru da ruɓar ciwo, da Ikolai ta cikin hanji. A huda ƙananan ramuka a ɗiga hodar da aka dama. A ajiye a zafin digiri 37, watau zafin jikin mutum, kwana ɗaya. Washegari bakteriya ta rufe farantin, sai dai kewayen ramin ya zama fili wayam. A auna faɗin filin da milimita, a rubuta. Shi ke nan. Mafi yawan binciken hodar ganye a nan ya tsaya, kaɗan ne suka kai ga ɓera.

To ai ruwan bilic ma zai share farantin tas, tafasasshen ruwa ma haka, amma ba wanda zai zuba su a gyambo. Tambayar ba ita ce ko abu yana kashe bakteriya ba, tambayar ita ce ko zai kashe ta ya bar naman mutum. Gwaje-gwaje kuwa sun nuna cewa ƙwayoyin zinki-oksayid na nano, in sun yi yawa, suna kashe ƙwayoyin halittar jikin mutum su ma. A kan lafiyayyar fata ba su da matsala, shi ya sa Tarayyar Turai ta amince a 2016 a riƙa sa su a man kare fata daga rana, har kashi 25 cikin ɗari. Amma ta hana a sa su a abin fesawa wanda za a iya shaƙa, don huhu ba fata ba ne. Masu walda sun san wannan a jikinsu. Duk wanda ya yini yana walda a kan ƙarfen da aka shafe da zinki, yana shaƙar farin hayaƙin nan, da dare sai zazzaɓi da sanyi da ciwon jiki su rufe shi kamar masassarar cizon sauro. Wancan hayaƙi ƙananan ƙwayoyin zinki-oksayid ne. Buɗaɗɗen gyambo na wata huɗu shi ma ba lafiyayyar fata ba ne. Har yau babu hodar da aka haɗa da ganye wadda hukumomin magani suka amince a sha ta ko a yi allurarta don maganin cuta.

Kada kuma a ce bakteriya ba za ta saba da zinki ba. A Turai an daɗe ana ba 'ya'yan alade zinki-oksayid mai yawa a abinci don hana su zawo bayan yaye. Daga watan Yuni na 2022 Tarayyar Turai ta hana, saboda zinkin yana taruwa a ƙasar gona ta hanyar taki, kuma akwai shaidar cewa yana taimaka wa bakteriya masu taurin kai su rinjayi sauran.

Wani zai ce to in haka ne, me ya sa ake ɓata lokaci? Ba ɓata lokaci ba ne. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 cewa a shekarar 2019 kaɗai mutane wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya sanadiyyar bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina, wajen mutum 27 cikin kowane 100,000. Saboda haka duk wata sabuwar hanya abin nema ce. Inda aka fi sa ran wannan hoda za ta yi amfani da wuri ba cikin jiki ba ne. Ana gwada ta a zanen gadon asibiti, da fentin bango, da ledar naɗe abinci, da bandejin ciwo. In ɗalibanmu suka iya daidaita ta da ganyen da muke da shi a banza, an ci riba. Shawarata ga yaron ita ce duk rubutun da ya karanta ya fara duba abu ɗaya: a faranti aka gwada, ko a ɓera, ko a mutum?

Kafin in manta, iyaye mata, kada wannan magana ta ruɗe ku da ƙwayar zinki da ake ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Wannan dabam ce, an gwada ta an tabbatar, kuma tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa bayarwa kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da bayarwa yadda ma'aikatan lafiya suka ce.

Yanzu mu koma ga ƙafar yayanka, Malam, don ita ce ta sa ka ɗauki biro. Gyambon mai ciwon sukari ba ƙarancin abin barbaɗawa ke hana shi warkewa ba. Sukarin da ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, yana tsuke hanyoyin jinin ƙafa, yana kashe jijiyoyin ji, har mutum ya yi ta taka ciwon bai san yana taka shi ba. Muddin ba a gyara waɗannan ba, ko me aka zuba, ciki yana ci gaba da ruɓa, wani lokaci har ƙashi. Garin kafson nan da kuke barbaɗawa a daina shi daga yau. Ba don haka aka yi shi ba, kuma irin wannan amfani na barkatai yana cikin abin da ke koya wa bakteriya taurin kai. Gaskiya ne likitoci suna da bandeji mai zinki-oksayid na wasu gyambunan ƙafa, tun zamanin wani likitan fata Bajamushe mai suna Paul Unna a ƙarni na 19, amma ba kowane gyambo yake karɓa ba, kuma ɗaure ƙafar da jini ba ya isa mata sosai ɓarna yake yi. Likita ne zai tantance.

Ka kai shi babban asibiti cikin wannan mako, kada ku tsaya a kemis. A auna sukarinsa a daidaita shi. A duba ko jini yana isa ƙafar. A wanke ciwon a cire mataccen nama. Ka roƙi a ɗebi ruwan gyambon a kai ɗakin gwaji a shuka shi a irin farantin nan da na bayyana maka, a jera magunguna a kai a ga wanne ne ke share fili, sa'an nan a rubuta masa shi. Ya rage takawa a kan ƙafar, kuma ya daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida. In kuwa ka ga yatsan ya fara baƙi, ko ciwon yana wari, ko ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko zazzaɓi ya kama shi, to ba maganar wannan mako ba ce kuma, a nemi mota yau ɗin nan, ko da dare ne. Na san kuɗin asibiti ba wasa ba ne, amma a tara dangi a faɗa musu gaskiya tun ana maganar yatsa.

Zogalen bayan gida kuma a bar wa uwargida ta yi kwaɗo. Ka sake rubuto mana, Malam, mu ji abin da likita ya ce. Allah ya sawwaƙe, ya ba shi lafiya.